Dogon Gyaɗa da Dogon Mutane

Shekara ɗari da 'yan kai ke nan da jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano, amma a tsawon wannan zamani ba a taɓa shimfiɗa ko taku ɗaya na layin dogo domin mutumin da yake kwana a ƙauye ya wuni a birni ba. An shimfiɗa domin gyaɗa, an shimfiɗa domin fata da ƙirgi, yanzu kuma ana shimfiɗawa domin kwantena da matafiyin nesa. Shi kuwa wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita talatin ko hamsin ba, wanda yake yin ta kullum safe da yamma, rani da damina, an bar shi da bakin titi da ɗan abin da ke aljihunsa. Ni ɗan yankin Watari ne a ƙaramar hukumar Bagwai, kuma da bakin wannan mutumin nake son yin magana. Da'awata ita ce jirgin da Kano ta fi buƙata shi ne ɗan gajeren jirgin lantarki mai yawan tsayawa, wanda zai riƙa safa da marwa tsakanin birni da ƙauyukan da suka kewaye shi. Masu yi wa wannan magana dariya suna da yawa, kuma zan bi hujjojinsu.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Turawan mulkin mallaka sun ja shi ne daga Baro a bakin kogin Kwara, suka haɗe shi da wanda ya taso daga Legas, kuma abin da suke kwaɗayi shi ne auduga domin masaƙun Ingila. Manoman Kano suka auna, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, in ma kasuwa ta ƙi ana iya cin ta, sai suka cika tasha da buhunanta har taragu suka kasa kwashewa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, daga nan kuma attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka ƙara bunƙasa. Zuwa 1930 an miƙa layin har Nguru, ta Jogana da Ringim, domin a ƙara kwaso abin da ke gabas. Duk wanda ya shimfiɗa taswirar wancan dogo a gabansa zai ga siffarsa tamkar tsinken tsotso ce: bakinsa ɗaya a gona, ɗayan a tashar jiragen ruwa. Taragun fasinja jela ce kawai da aka ɗaura wa na kaya. Ban ga laifin Bature ba da ya gina abin da zai amfane shi, ai ba don Allah ya ƙetaro teku ba. Waɗanda nake tuhuma su ne waɗanda suka gaji taswirar a 1960, har yau ba su ga dalilin sake zana ta ba.

Abin da taswirar ta tsallake shi ne ainihin yadda ƙasar Kano take rayuwa. Karkarar da ta kewaye birnin tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a yankunan noma na Afirka. Gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta, ba ka tafiyar rabin sa'a a ƙafa ba ka tarar da wani gari ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya bayyana abin da kakanninmu suka sani ba tare da sun rubuta ba: da rani jakuna kan shiga birni ɗauke da itace da amfanin gona, su komo da mangalar taki. Birni yana ci daga ƙauye, ƙauye yana ciyar da ƙasarsa da sharar birni, shi ya sa gonar da aka shekara ɗaruruwa ana nomawa ba ta mutu ba. Wato dai zirga-zirgar kullum tsakanin birni da karkara ta girmi mota, ta girmi dogo. Jaki ne jirgin wancan zamani, kuma ya fi na yanzu sanin aikinsa, domin yana tsayawa a ƙofar kowane gida.

A yau mutane ne suka maye gurbin itacen. Mai karatu ya tsaya a bakin hanyar Katsina bayan sallar asuba, ko a Bichi ko a Badume ko a Dawanau, ya ƙirga masu ɗaga hannu. Akwai magina da leburorinsu, akwai 'yan dakon Singa da Kwari, akwai malamin firamare da aka tura wata ƙaramar hukuma, akwai ɗalibi mai lacca ƙarfe takwas, akwai mace mai ƙwaryar nono, akwai wanda ya tallafo mahaifiyarsa zuwa asibiti. A bayansu ga kwandunan tumatir da buhunan albasa daga fadamun noman rani na madatsar Watari suna jiran J5, kowace sa'a ta jira tana rage musu daraja. Motar da aka ƙera domin mutum bakwai za ta ɗauki goma sha biyu, biyu a gaba kusa da direba, wani lokaci har da na uku a gefen ƙofarsa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin wannan wahalar ma ya ninka, ya sake ninkawa. Na san abokin karatuna da ya sami koyarwa a wata makarantar kuɗi a birni, ya yi wata biyu ya ajiye, saboda da ya lissafa sai ya ga direbobi yake yi wa aiki. Waɗanda ba su ajiye ba sun zaɓi ɗayar hanyar: sun daina komawa gida. Suna kwana a barandar shaguna da kangwaye, mutum shida a ɗaki ɗaya in an yi sa'a, sai ranar Juma'a ko ƙarshen wata su leƙa iyali. Gonar gado tana hannun tsoho da yara. Idan aka tashi taron ƙara wa juna sani sai a kira wannan da kwararar matasa zuwa birane, a yi ta jimami kamar wata annoba ce ta sauko daga sama, alhali yawancin samarin nan ba birnin suke so ba. Aikin birni suke so, kuma da akwai abin da zai mayar da su gida da magariba a kan kuɗin da ba zai cinye yinin ba, da a ɗakunansu za su kwana.

Mu a Bagwai mun san iyakar abin da rashin abin hawa yake jawowa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a ruwan Watari da mutanen da suka taso daga Badau za su Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Ba na cewa jirgin ƙasa zai ratsa ruwa. Ina cewa ne lodin da ya wuce kima, a ruwa ko a kwalta, ɗabi'ar mutanen da ba a ba su zaɓi ba ce, kuma hukuma ba ta tunawa da yadda talaka yake tafiya sai ranar da za ta je ta'aziyya.

To mene ne wannan jirgi da nake ta kira? Da yawa daga cikinmu in an ce jirgin ƙasa, abin da ke zuwa a rai shi ne ƙaton kai mai hayaƙi yana jan dogon ayarin taragu, ya ɗauki lokaci kafin ya kankama, ya ɗauki lokaci kafin ya tsaya. Irin wannan ya dace da tafiyar Kano zuwa Legas, inda tasha take nesa da tasha. Jirgin lantarki na kewayen birni wata halitta ce daban. Ba shi da kai. An rarraba ƙananan injina ne a ƙarƙashin taragun kansu, suna shan wuta daga wayar da ke sama ko daga wani ƙarfe na uku da ke gefen layin, direba ɗaya yana sarrafa su gaba ɗaya daga mazauninsa. Wani injiniya ɗan Amurka, Frank Sprague, shi ya ƙirƙiro wannan dabara a 1897, aka fara aiki da ita a Chicago. Kasancewar ƙafafu da yawa ne suke turawa a lokaci guda, jirgin yana zabura nan take, yana kuma tsayawa nan take, don haka zai iya tsayawa kowane kilomita biyu ko uku ba tare da tafiyar ta zama ta hawainiya ba. Yana da mazaunin direba gaba da baya, in ya kai ƙarshen layi ba ya buƙatar juyawa, direba ne zai sauka ya koma ɗaya ƙarshen. Ƙofofinsa faffaɗa ne, dab da daɓen tasha, mutum ɗari su fita wasu ɗari su shiga cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Na zamani ma in sun taka birki, injinan kan juye su zama janareta su mayar da wuta cikin waya. Duk wata siffa tasa an yi ta ne domin ƙasa mai garuruwa kusa da kusa. Wanda ya ƙera shi bai san Dawakin Tofa ba, amma kamar ita ya auna.

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya ga wannan jirgi ko bai san sunansa ba, shi ne wanda jarumi yake bi da gudu yana miƙa hannu. Ranar 3 ga Fabrairu, 1925, jirgin lantarki na farko a Indiya ya tashi daga tashar Victoria a Bombay zuwa Kurla, tafiyar kilomita 16 kacal. A lura da shekarar: dogonmu na Kano yana da shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma Turawan da suke mulkinmu su ne suke mulkinsu. Yau jiragen kewayen Mumbai suna ɗaukar mutum wajen miliyan bakwai a kowace rana. Akwai taragun mata zalla. Akwai taragun masu kaya, inda mai kifi da mai ganye suke shiga da kwandunansu, haka ma a Kolkata, inda kayan lambu da madarar ƙauyuka suke shiga birni da jirgin asuba. Wannan taragon shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne amsar tumatirin Watari da ke narkewa a bakin titi. Ba zan ɓoye muninsa ba: cunkoson jiragen Mumbai ya kai mutane suna rataye a ƙofa, kuma sama da mutum 2,000 suke mutuwa a kan layukan a shekara, wasu faɗowa, wasu tsallaka layi. Wannan darasi ne a kan katange layi da gina gadojin ƙafa da ƙara yawan jirage. Ban taɓa jin wani ɗan Mumbai ya ce a tumɓuke dogon a koma bas ba.

Na san abin da ke bakin mai karatu tun ɗazu, domin shi ne abin da ake fara jefo mini duk inda na ɗauko zancen: ƙasar da ta kasa kunna ƙwan ɗaki ce za ta tuƙa jirgi da lantarki? A kan yi dariya, a tafa, a ɗauka an kashe bakin zance. Wannan raha ce mai daɗi a majalisar shayi, amma ba hujja ba ce. Jirgin lantarki ba ya jiran layin da ke kawo wa unguwa wuta. Ana yi masa tasa tashar, da nasa layin, kamar yadda kowace babbar masana'anta a Sharaɗa take da nata tanadin. Jirgi guda mai taragu huɗu zuwa shida bai cika jan abin da ya wuce megawat biyu zuwa uku ba, shi ma a lokacin zabura ne, in ya miƙe abin da yake sha kaɗan ne, domin ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta da tirjiya irin ta taya a kan kwalta. Legas ba a wata ƙasa take ba, wutar da ke ɗauke mana ita ke ɗauke musu, amma tun watan Satumba na 2023 jirgin layinsu mai launin shuɗi yake jigila tsakanin Marina da Mile 2, kilomita 13, kuma an yi masa tanadin wutarsa daban. Senegal, wadda yawan jama'arta kaf bai yi wa na Jihar Kano wani nisa ba, ta buɗe nata a watan Disamba na 2021, kilomita 36 daga Dakar zuwa Diamniadio, yana tsayawa a unguwannin talakawa irin su Pikine da Thiaroye da Rufisque. Alhazanmu kuma tun 2010 suke ganin wanda ke jigila tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, su dawo suna ba da labari kamar abin aljanu, alhali waya ce da ƙarfe.

A da gwamnonin jihohi suna da mafaka. In an tambaye su sai su ce dogo da lantarki duka hurumin gwamnatin tarayya ne, kuma gaskiya suka faɗa. Wannan mafaka ta rushe a watan Maris na 2023, lokacin da aka sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya bai wa jihohi ikon shimfiɗa layin dogo da kuma samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Kano tana da madatsar Tiga da aka ɗora wa injinan samar da wuta, tana da tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso da aka ƙaddamar a farkon 2023, ga bututun iskar gas da aka fara ja daga Ajaokuta tun 2020 da nufin ya ƙare a Kano. Rana kuwa ba ma roƙon kowa ita. Ban ce waɗannan sun wadatar yadda suke ba. Na ce wanda yake da waɗannan a hannu, in ya ce ba zai yiwu ba, to bai so ba ne. Wani zai ce a sa na dizal mana, ai ya fi sauƙi. In da shi za a fara kafin a ja waya, ba ni da ja, muddin an bar gurbin turakun tun ran gini. Sai dai a tuna dizal shi ne man da farashinsa ya rufe masana'antun Bompai da dama, kuma jirgin da tikitinsa yake bin farashin dala zai koma na masu hali cikin shekara guda.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi, kuma ta fi ta farko nauyi. Dogo yana da tsada, babu mai musu. Amma jihar da take cewa ba ta da kuɗi ita ce ta shafe shekara goma sha wani abu tana zuba biliyoyi a gadojin sama da na ƙasa: Ƙofar Nasarawa, Kabuga, Gadon Ƙaya, Sabon Gari, Ƙofar Ruwa, Dangi, Hotoro. Kowace gwamnati ta zo sai ta yi tata, ta fi ta wanda ya gabace ta tsawo, a liƙa mata suna, a ɗauki hoto da daddare lokacin da fitilu suke ci. A wannan fanni jam'iyyun da ba sa ga maciji da juna bakinsu ɗaya. Gadar sama kuwa aikinta ɗaya ne, ta ɗauke mai mota daga wannan cunkoso ta sauke shi a na gaba. Ba ta rage wa ɗan Bagwai ko sisi a kuɗin mota. Mutum nawa ne cikin ɗari a jihar nan suke da motar kansu? Domin su aka yi, sauran mu kuwa mu ne masu tafi ranar buɗewa.

Da aka tashi yin maganar jirgi ma, a 2016, sai aka sa hannu da wani kamfanin ƙasar Sin a kan yarjejeniyar ƙaramin jirgin cikin birni ta dala biliyan 1.85. An yi ta cece-kuce a kan bashin, daga bisani zancen ya bi ruwa. Ko da an yi shi, tunanin da ke bayansa na cikin birni ne, kamar dai Kano ta ƙare a inda fitilun titi suka ƙare. Wanda yake son ganin makomar jirgin ado ya je Abuja. An buɗe nasu a watan Yuli na 2018, da tashoshi masu kyan gani a cikin jeji, nesa da inda ma'aikata suke kwana, wasu ko hanyar isa gare su babu. Ya yi ta yawo fayau, aka rufe shi a 2020 lokacin annobar korona, bai sake motsi ba sai a watan Mayu na 2024. Jirgi ba ya ƙirƙiro fasinja, inda mutane suke ake kai shi. Mu kuwa mutanen muna nan, a jere a bakin titi, kullum. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsauni da za a fasa, babu tafkin teku da za a kafa ginshiƙai a ciki kamar na Legas. Tsohon layin Bature ma yana nan kwance, daga Challawa ya ratsa birni ya fita Jogana, filin da an riga an mallaka, ba sai an biya diyyar ko kango ɗaya ba in ban da waɗanda suka ci iyakarsa. A nan ya kamata a fara, a yarjejeniya da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, kafin a ja sabon layi ta Dawanau zuwa Bichi.

Za a ce mini ai ga layin Kano zuwa Maraɗi ana yi. Na sani. An aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ina yi masa fatan alheri, zumuncinmu da Maraɗi ya girmi iyakar da ta raba mu. Sai dai manufarsa a bayyane take, a jawo kayan Nijar zuwa tashoshin ruwan Legas. Tsinken tsotson nan ne dai aka ƙara wa tsawo. Manoman da aka yanki gonakinsu a arewacin Kano za su ga jirgi yana wucewa, yaransu su ɗaga masa hannu. In har ana so kwalliya ta biya kuɗin sabulu, to a tsakanin Kano da Ɗambatta a ƙara ƙananan tashoshi, a ware wa jirgin safe da na yamma lokacinsu a kan layin, kada ya zama sai mai zuwa wata ƙasa ne yake da haƙƙin zama a kujera.

Akwai hujjar da ni kaina take hana ni barci, kuma masu dariyar ba su cika kawo ta ba domin ba su yi nisa a tunanin ba. Ita ce sata. Afirka ta Kudu ta fi kowace ƙasa a kudu da Sahara daɗewa da irin wannan jirgi. Taragunta masu launin rawaya da toka sun shekara hamsin suna kwaso ma'aikata daga Soweto zuwa Johannesburg, ko da yake gwamnatin wariyar launin fata ta yi su ne domin baƙar fata ya yi mata aiki da rana ya bar mata gari da dare. A 2020, da aka tsayar da jirage saboda korona, ga kuma rikicin kwangilar masu gadi, ɓarayi suka bi layukan suka kwashe wayoyin tagulla, suka ɓalle ƙofofi da rufin tashoshi, wasu wuraren har tubali. A Cape Town mutane suka kafa bukkoki a kan layin da ya daina aiki. Abin da aka gina cikin shekaru masu yawa ya tafi cikin watanni. Mu da ake kwance mana tiransifoma a tsakiyar unguwa, ake zare ƙusoshin layin dogo a sayar wa 'yan gwangwan, ba mu da bakin cewa ba zai same mu ba. Amma a duba lokacin da satar ta auku: lokacin da jirgin ya tsaya ne. Wayar da wuta mai ƙarfin dubban volt take gudu a cikinta, layin da jirgi yake bi kowane minti ashirin, su ne masu gadin kansu. Abin da aka yasar shi ake sacewa. Sannan dogon da yake tsayawa a garinku, wanda matarka take hawa zuwa awo, ɗanka yake hawa zuwa makaranta, ba ka zuba ido wani ya kwance shi. A ɗauki masu gadin daga garuruwan da layin ya ratsa, a sa dagatai da masu unguwanni a cikin lamarin da albashi da alhaki. Wanda yake wucewa ba ya tsayawa kuwa, na gwamnati ne, kuma kowa ya san yadda muke yi da kayan gwamnati.

Direbobin haya da masu A Daidaita Sahu za su ji tsoron cikinsu, kuma suna da gaskiyar jin tsoro a ƙasar da aka hana acaɓa a Kano rana ɗaya a farkon 2013. Amma jirgi ba ya shiga lungu. Kowace tasha za ta zama bakin kasuwa, kuma wanda ya sauka a Bichi yana buƙatar mai kai shi Bagwai ko Shanono ko Tsanyawa. Gajerun tafiye-tafiye goma sun fi doguwa ɗaya da rabinta a cunkoson Kurna ake ƙona man.

Haɗarin da ya fi kusa da gida shi ne na ƙasa. Ranar da aka ce jirgi zai tsaya a wani ƙauye, washegari dillalai za su sauka da igiyarsu. Mun ga yadda awon igiya ya cinye gonakin Ungogo da Kumbotso da gefen Dawakin Tofa, aka mayar da ƙasar da ta ciyar da birni shekaru aru-aru ta koma fulotai marasa titi, marasa magudana, manomin ya karɓi kuɗin ya yi aure ya sayi babur, bayan shekara uku ya koma gadi a gidan da aka gina a gonarsa. Jirgi zai iya kai wannan cuta har bakin ruwan Watari cikin sauri fiye da yadda mota za ta kai ta. Saboda haka dokar filaye ta riga dogon isa. A shata da'irar da za a yi gini a kewayen kowace tasha, a yi gini mai hawa a cikinta, abin da ke wajenta kuma a rubuta shi gona, fadamun noman rani a haramta yanka su ko da sa hannun wa. In ba za a yi wannan ba, na gwammace a bar mu da J5 ɗinmu, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da nake nema a yau bai kai sayen tarago ko ɗaya ba. Majalisar dokokin jiha ta yi dokar kafa hukumar jiragen ƙasa ta Kano, tunda tsarin mulki ya buɗe ƙofa. A fitar da masu awo su bi gefen hanyar Katsina daga Dawanau zuwa Bichi, kimanin kilomita 40 daga birni, su shata zirin da layi biyu za su bi, a kafa duwatsu, a biya masu gonakin diyya ta gaskiya, a bar su su ci gaba da nomawa har ranar da za a zo aiki. Haka ta hanyar Gwarzo, haka ta Wudil. Ɗaliban injiniya da na tsara birane a Jami'ar Bayero da ta Wudil su fita su ƙirga masu tsayawa a bakin titi, garin da suka fito, inda za su, nawa suke biya, domin a san inda tasha za ta zauna kafin wani mai faɗa a ji ya ja ta zuwa ƙofar gidansa. Wannan zirin yanzu gero ne da dawa a mafi yawan tsawonsa, ana iya sayensa da kuɗin gadar sama guda. Kowace shekara gidajen mai da shaguna da rumbunan ajiya suna ƙara miƙewa daga Dawanau suna nufar Kwa, kuma duk inda aka zuba kankare, diyyarsa ta ninka ta gona sau da yawa.